Ƙofar Baya da Zanen Inna

Motar tsohuwa ce. Na saye ta ne don kwasar kwandunan tumatir daga gona zuwa bakin titi, kuma da ita nake kai Inna, mahaifiyata, asibiti a Kano duk sati biyu tun da ɓarin jikinta ya shanye. Makullan ƙofofin na lantarki ne. Da can in na danna maɓalli, duk huɗun su amsa tare. Daga baya suka fara nishi, sandar makullin ta ɗago rabi ta koma.

Na kai wa mai gyaran wayar mota a Kura. Ya gwada batir, lafiya lau. Fiyus ma bai ƙone ba. Da ya ɓalle murfin ƙofar baya sai busasshiyar laka ta zubo, ɗan injin da ke tura makullin duk ya yi tsatsa. Ya tambaye ni inda nake wankin mota. Na ce a kanal ɗin ban ruwa mana, kamar kowa, mukan gangara da ita bakin ruwa mu yi ta kwara mata bokiti har tsamin tumatir ya fita. Ya ce ruwan ta gefen gilashi yake bi ya kwanta a ciki, in ban canza injinan ba wata rana za su ƙame a kulle. Na rubuta sunan abin a littafina na ajin yaƙi da jahilci. Amma lokacin ɗiba ne, in mota ta kwana a gareji kaya ya ruɓe. Na ce sai an gama.

Ranar asibiti, da tsakar rana, na tsaya a ƙofar asibitin na danna. Shiru. Ƙofata kaɗai ta buɗu. Na ja sandunan da hannu, ko gezau. Inna na baya tana zufa, layin likita na ta tafiya. Wasu maza biyu masu jinya suka kama mini, muka kwantar da kujerata muka jawo ta ta gaba. Zanenta ya maƙale a sandar giyar motar ya warware, a gaban jama'a.

Kafin ta fito daga wurin likita na sa an ɓalle ƙofa ɗaya. Da muka kusa gida sai ta ce:

"Ɗan nan, ka yi iya yinka. Amma ni da mota kuma, an gama."

Washegari na canza injinan huɗu, aikin ko awa biyu bai kai ba. Ƙannena mata suka roƙe ta ta koma asibiti, liman ya zo ya yi mata magana, ta ce a bar ta a ɗakinta. Ni kaɗai na riƙa zuwa karɓo magani, likita yana cewa ba zai iya canza komai ba sai ya gan ta. A ɗakin ta rasu, kafin dashen shinkafar damina.