Yusha'u da Akwatin Bugun Minti

Malam Yusha'u Ahmadu Bazazzagi ne, amma a unguwar Badarawa ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa. Gyaran rediyo ya fara koya, daga baya ya sami aiki a wani ofishin gwamnati mai auna ruwan sama da iska. Mutum ne marar yawan magana, kullum da sukundireba a aljihu.

A shekarar 1977 aka kawo wa ofishin kwamfuta, girmanta ya kai kabad biyu. Sai matsala ta taso. Akwai na'urorin awo uku a farfajiya, ta ruwa, ta iska da ta zafi, kowace da agogonta. In suka huda takardar awo aka ba kwamfuta, sai lokutan su saɓa. Ta iska ta ce hadari ya taso ƙarfe huɗu, ta zafi ta ce sai huɗu da kwata.

Shugaban sashe, Alhaji Maliki, ya ce za a yi odar na'urar daidaita su daga Ingila, amma sai ta yi wata tara kafin ta iso.

"Ranka ya daɗe, damina saura sati shida," in ji Yusha'u. "A bar ni in gwada."

"Kai mai gyaran rediyo? In ka ƙona mana kwamfuta fa?"

"Ba zan taɓa komai nata ba. Bugun agogonta kawai zan ɗauko."

Agogon kwamfutar yana bugawa sau dubbai a daƙiƙa guda. Da Alhaji Maliki ya yarda, Yusha'u ya haɗa ɗan akwati mai ƙirga bugun nan. In minti ya cika, sai ya tura bugu ɗaya ta waya, na'urorin uku su huda takarda tare.

Gwajin farko bai yi ba, ta iska takan huda sau biyu. Kwana tara yana bin wayar taku-taku. Matarsa Turai ta ce ko tuwo yake ci, yatsansa na ƙwanƙwasa kwano. Ran kwana na goma ya gano makunnin ta iska da ke cikin akwatin ne ke rawa in ya rufe, bugu ɗaya ya zama biyu. Ya ciro kafasita, wato 'yar na'ura mai riƙe wutar lantarki, daga tsohuwar rediyonsa, ya liƙa wa makunnin da dalma, rawar ta tsaya.

Ruwan farko ya sauka wata Talata da la'asar. Yusha'u ya fita farfajiya da laima, idonsa a kan agogon hannu, yana jin ƙas guda ɗaya kowane minti har aka ɗauke ruwan. Washegari kwamfuta ta fitar da sakamako, lokutan uku sun zo daidai.

Alhaji Maliki ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ɗago.

"Malam Yusha'u, reshenmu na Jos ma haka suke fama. Yaushe za ka iya tafiya?"

"Bayan Juma'a, in Allah ya yarda."

Kafin ƙarshen 1979 ya haɗa irin akwatin guda biyar, kowane ya kai shi da kansa.