Hular da Na Ɗora a Teburinka, Muhandis Abdulfattah

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tara ga Rajab 1446, Allah Ya karɓi ran injiniya, Muhandis Abdulfattah Idrisa, a nan Madina. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ni ne Ɗan'inna, maƙerin unguwar Ƙurban. Ban yi makaranta ba. Ni ke faɗa, 'yata Zulaiha ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Muhandis, ka tafi, ka kuma tafi da shaidata a bakinka.

A wata warsha, wato wurin aikin ƙarfe, ta unguwar Sultana ka same ni. Ka ga na ƙwanƙwasa ƙarfe, na kai shi kunne, na jefar. Ka tambayi dalili, na ce akwai tsaga a cikinsa. Ka sa aka yanka, sai ga tsagar. Wata bai ƙare ba na tsinci kaina a cikin hamada, a wani wurin soja da ba shi da suna a ƙofa, inda ake ƙera sassan jirgin sama ana gwadawa. Aka rantsar da mu cewa ba za mu faɗa wa kowa ba. Har matata ta rasu, a zatonta injin ban ruwa nake gyarawa.

Ba ka da ofis. Teburinka yana tsakiyar warsha, masu zane a damarka, masu yankan ƙarfe a hagunka, duk mu talatin tire ɗaya muke ci. Kowa yana buga sunansa a jikin abin da ya ƙera. Da ka ga ban iya rubutu ba, ka ce in riƙa buga ɗigo uku. Kai ka kafa dokar hula: duk wanda hankalinsa bai kwanta da wani sashe ba, ko mai shara ne, ya cire hularsa ya ɗora a teburinka, aiki ya tsaya cak. Masu shahadar jami'a suka yi ta gunaguni. Ka ce musu, "Ku da ido kuke karatu, Ammi Ɗan'inna da kunne. Ni duka biyun nake so." Ammi kake ce mini, wato baffa. Ranar da tartsatsi ya shiga idona, da kanka ka tuƙa ni zuwa mustashfa wurin likita, ka zauna kana cire mini ƙwallon dabinon Badr kamar ɗan da na haifa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, ka yi tafiya, ka bar mataimakinka. Na ƙera sandar da ke riƙe fiffike da wani sabon ƙarfe, na ƙwanƙwasa, muryarta ba ta yi mini ba. Na ɗora hula. Mataimakin ya ture ta da biro, ya ce, "Halas, ya shaiba, ya isa haka tsoho, na'ura ta ce lafiya lau." Jirgi ya tashi, jirgi ya faɗo. Matuƙin shi ne Walid, ɗan Iyatu maƙwabciyata, wanda na ci naman sunansa. A cikin tarkace aka tsinto ɗigo ukun nan. Aka kore ni. Rabin magana ya iso unguwa: ƙarfen Ɗan'inna ya kashe Walid. Ɗaya rabin, rantsuwa ta kulle shi.

Da ka dawo ka tsinci hulata a ƙarƙashin tebur. Na san ka yi faɗa har muryarka ta dushe, amma aka rufe takardun. Ka ce mini, "Ammi, ranar da na bar aiki, ni da kai za mu je gaban Iyatu." Saura wata huɗu ka bar aikin, Muhandis. Wata huɗu!

Ba zan yi wa kabarinka ƙarya ba, na yi fushi da kai. Sau biyu ka zo gaisuwar Salla na ƙi buɗe ƙofa, ka tsaya a rana, ka kuma dawo shekara mai zuwa. Ni kuwa kullum ta ƙofar Iyatu nake bi zuwa masallaci. Tun ranar ba ta amsa sallamata ba. Yanzu tana kwance, ba ta tashi. Idan ta mutu tana ganina a matsayin wanda ya kashe ɗanta, ina zan sa kaina?

Jiya ɗanka Sabiru ya kawo mini wata leda daga akwatinka. Hulata ce, a wanke, a ninke. Na juya ta, na farke ɗinkin bakinta ko ka ɓoye takarda. Babu. Ka adana ta shekara goma sha ɗaya, Allah Ya saka maka, amma hula ba ta magana.

To, ku mutum tara da kuke tsaye a warsha ranar nan, ban ambaci sunan kowanku ba, ban faɗi wurin ba, ban faɗi irin jirgin ba. Mutum ɗaya nake roƙo. Ya zo ya ce wa tsohuwar nan, "Na ga ya ɗora hula." Shi ke nan.

Allah Ya jiƙan Muhandis Abdulfattah, Ya yalwata kabarinsa, Ya yafe masa, ni ma na yafe. Allah Ya jiƙan Walid. Hajiya Safiyyatu maiɗakinsa, Sabiru da 'yan'uwanka, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kyautata namu zuwan.

Ku mutum taran nan, ranar Juma'a bayan la'asar za ku same ni zaune a ƙofar Iyatu, kaina ba hula, tana ajiye a ƙasa gabana. Kun san dokar Muhandis. Ku bar abin da kuke yi, ku zo.