Likkafanin da ba a yi amfani da shi ba a Kebbe

Ana sallame sallar asuba muka bar Tambuwal, ni da wata abokiyar aikina, za mu Kebbe ta'aziyyar kawunta. Kuɗin mota ya ninka, direba kuma ya cusa mu kamar buhunan gero, wai ma mu gode da ya yarda ya bi hanyar. Gaskiyarsa. Gonaki dama da hagu, hatsi ya nuna har ya sunkuya, babu mai girbi. Ba mai hira a motar, kowa bakinsa sai motsi yake da addu'a.

Ni malamar adabi ce, kuma akwai waƙar da nake rubutawa, ta hana ni sakat kwanakin nan. Mawaƙan zamani sun shiga yayin ɗauko matan tatsuniyoyin Girka na da, waɗanda ƙarshensu bai yi kyau ba, su bar su su faɗi nasu da bakinsu. Ni na zaɓi wadda sarki ya hana a binne ɗan'uwanta, ta ƙi ji, ta rufe shi, aka kashe ta. Na cika baitocin da kuka, a ganina duniya ba abar tausayi kamarta.

A gidan makoki aka kawo mana fura. Ashe babu gawa. 'Yan bindiga ne suka harbe kawun nata a gona, suka aiko cewa duk wanda ya zo ɗauka zai kwanta kusa da shi. Salla kawai aka yi masa daga nesa. Yayarsa, mahaifiyar abokiyata, tana zaune da likkafanin da ta saya a cinya. Ta roƙi maza su je, kowa ya sunkuyar da kai. Ta kama hanya da kanta, aka bi ta aka dawo da ita.

Don ta ɗauke mata hankali, abokiyata ta ce ina rubuta waƙa kan labari irin wannan. Kunya ta rufe ni, amma na ba tsohuwar a taƙaice.

"Ɗiyata, ta dai rufe shi?" in ji ta.

"Ta rufe shi, Inna, amma fa an kashe ta."

"To mi ya rage? Wagga ai ta yi sa'a. Ni nawa shina can, rana na dukanai."

Da la'asar muka iso Tambuwal lafiya, amma raina a jagule. Tafiyar ta nuna mini cewa ƙarshen da nake wa kuka a waƙa, a ƙasarmu yau akwai mai roƙon Allah ya ba ta irinsa. Har yanzu da nake muku wannan bayani, ba a ɗauko shi ba.