Abin da Kake Karantawa a Kan Buta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Harouna mutumin Maradi, a wani asibiti a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, bayan jinyar kwana huɗu. A nan muka binne shi, mu da muka halarta ba mu kai talatin ba.

Harouna, shekara tara shagunanmu na jere a ginin Tianxiu, ni ina tura yadi Kano, kai kana tura takalma Maradi. Wasu za su tuna da baƙin da ka riƙa tarowa daga filin jirgi, da marasa lafiyar da ka yi wa tafinta. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne jan shayinka.

Ganye ne na duwatsun arewa da birnin nan, wanda manyan 'yan kasuwa ba sa ko kallo, don ba ya zuwa a kwali mai ado. Kai kuwa ka riƙe shi kamar ɗan da ka haifa. Ranar da ka fara zuba mini, na ga kofin bai fi ƙwai ba, na juye a babban kofi, na antaya madara da sukari, na nemi burodi. Ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, "Munkaila, ku Kanawa ko zuma aka ba ku sai kun ƙara mata sukari."

Komai naka da tsari. Ka bar ruwa ya huce kaɗan bayan ya tafasa, ka ɗumama kofuna, ka zubar da zubin farko. Sai ka rufe butar, ka dafa murfin da yatsa, leɓenka yana motsi. Ba ka duba agogo. Da ka gama abin da kake karantawa sai ka zuba, shayin ya fito ja garau, ba ɗaci, ƙamshinsa kamar na dabino. Kai ka koya mini buga yatsu biyu a tebur in an zuba wa mutum, godiyar mutanen garin nan.

Sau nawa ka ce, "Zamna in gwada maka." Ni kuwa kullum ƙafata ɗaya tana kasuwar Shisanhang. In kurɓa a tsaye, in ce gobe. Ban taɓa tambayarka me kake karantawa ba. Wannan yana cina, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifin.

Da na kira matarka Habsatou don yin gaisuwa, abu ɗaya ta roƙa. Ta ce ka sha yi mata alkawarin ranar da ka dawo gida gaba ɗaya za ka zaunar da ita ka dafa mata shayin nan da hannunka. Ta ce, "Kai ne abokinsa. Ka zo da butar, ka dafa mini sau ɗaya yadda yake yi." Na ce to. Me zan ce?

Sati biyu ke nan ina gwadawa. Na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya, ya fito salam kamar ruwan wanke kofi. Na karanta Fatiha ƙafa uku, ya yi ɗaci. Na gwada Ayatul Kursiyyu, na gwada salati. Na tambayi duk wanda ya taɓa zama a teburinka, kowa ya ga leɓen, ba wanda ya ji. Na je neman ƙari wurin tsohuwar da take sayar maka da ganyen, ta girgiza kai ta ce "meyo", babu, sai an yi sabuwar tsinka. Da ta gane ka rasu, sai ta nemi wuri ta zauna. Abin da ya rage a gwangwaninka bai fi dafawa biyu ba, na daina taɓawa. Jirgina ranar Juma'a ne.

Zan kai wa Habsatou butar, zan dafa, zan kuma gaya mata gaskiya: ba haka naka yake ba.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, da 'yarku Amira, da 'yan'uwa na Maradi, da jama'armu ta unguwar Xiaobei. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Harouna, Ya yafe kurakuranka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Surorin da na yi ta karantawa a kan butarka, ko ɗaya ban dace da taka ba. Allah Ya kai ladansu kabarinka.