Kiri-kiri da Makullin Ɗakin Malam

A shekararmu ta biyu a babbar sakandare a Gaya, malamin aikin gona ya raba mana filin da ke gaban ajujuwa, kowa da ɗan fegi, mu dasa ciyawar ado. Ya ce wanda nasa ya fi kyau a ƙarshen damina shi zai riƙe makullin ɗakin da yake ajiye littattafansa da kayan aiki.

Ɗakin nan nake so. Na sha leƙawa ta taga in ga littattafai jere har kusa da rufi, ga tebur, ga shiru. Ni kuwa ban iya hayaniyar lokacin tara ba.

Na roƙi kawuna mai zuwa Kano sarin kaya ya kawo mini ciyawa daga wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Ya zo da ita a buhu, mai laushi, wadda suke kira kafet. Na ja igiya na daidaita layuka, na dasa ta tsiro-tsiro.

Fegin da ke jikin nawa na wani dogo ne ɗan Kademi, mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallonmu. Ya manta da aikin sai ranar da malam zai duba ko kowa ya dasa. Ya ruga bayan rijiya ya tuge kiri-kiri, ciyawar nan da iyayenmu ke tsinewa a gona, ya watsa, ya tattake da ƙafa. Taki kuwa daga tsibi ɗaya muka ɗiba, na shanu, da aka kawo daga wata ruga ta wajen Ajingi.

Da fari tawa ce abin kallo. Har malamai mata sukan tsaya su shafa ta. Da ruwa ya zauna sai ta fara ja daga gefe. Wata safiya na kama ta, ta ɗago kamar tabarma, babu saiwa. A ƙarƙashi ga gwazarma, fararen tsutsotsin nan na cikin taki, sun nannaɗe sun ƙoshi. Abin da suka rage gara ta ƙarasa.

Na tsuguna na tona gefen fegin ɗan Kademi, ina so in tabbatar sa'a ce kawai ta raba shi da su. Suna nan, kamar nawa. Amma ciyawarsa kore shar.

Ranar dubawar ƙarshen damina malam ya bayyana cewa saiwar kiri-kiri tana nutsawa ƙasa sosai, kuma kowace gaɓa tana kafa sabuwa, don haka kafin ƙwaro ya cinye nan ta tsiro can. Tawa kuwa saiwarta a sama take, ga taushi. Duk wannan na riga na karanta shi, bayan tawa ta mutu. Malam ya tambayi ɗan Kademi dalilin da ya sa ya zaɓe ta.

"Malam, ita ce kusa," in ji shi.

Aka yi dariya, har malam. Aka miƙa masa makulli.

Ya ɗaura shi a igiyar usur ɗinsa. A ɗakin yake ajiye ƙwallo, ya miƙe a kan tebur ya yi barci. Sai da zango ya kusa ƙarewa na iya buɗe baki na tambaye shi aron makullin.

"Farfesa, ai da ka yi magana tun tuni," ya ce, ya cillo mini. "In ka gama ka share mini wurin."

Bai taɓa hana ni ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Nakan zauna da littafi a buɗe, warin takalmansa a hancina, ina tuna cewa aro nake.

Kiri-kirinsa ta yi ta rarrafowa cikin fegina. Kullum da safe ina tuge ta a kan iyaka. Da muka dawo hutu ta rufe shi ruf, ba a gane inda nawa ya fara.