Sunan da Dada Ta Zaɓa a Kafe

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka na girma ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Haka al'adar take a Wuro Hausa da sauran unguwannin Yola Gari: uwa tana jin kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Dada, kamar yadda muke ce mata, ta riƙe wannan al'ada gam. In tana nemana sai ta ce da ƙannena, "Ku kira mini Hammanku," wato yayanku. In daga ni sai ita, "kai" ya wadatar. Malamar firamare ce, kullum safe tana kiran sunayen 'ya'yan mutane a aji, amma da aka kawo mata wani ɗalibi mai sunana, da sunan ubansa ta riƙa kiransa har ya bar ajin.

Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Autanmu kuwa sunansa ya kusa tsufa a bakinta. Ni mai saurin fushi ne tun ina ƙarami, na kan ce a raina, anya matar nan ba ta manta sunan ba ne gaba ɗaya?

Shekarar da na samu gurbin karatu a Malesiya, gida ya cika da masu sa albarka. Goggo ta yi kuka, Bappa ya yi nasiha har muka gaji da zama. Dada kuwa gyaran kayan miya kawai take yi kamar ba ɗanta ne zai tafi ba. Ana saura 'yan kwanaki, ta ɗauki mayafi ta ce, "Kai, raka ni Jimeta. An ce malamai su buɗe imel." Na san babu wanda ya ce haka, domin a makarantarsu ko wutar lantarki babu. Na dai bi ta muka hau tasi.

A lokacin sai an je kafe ake shiga intanet. Wanda nake zuwa yana kusa da Gwadabawa, ɗaki ɗaya mai zafi, janareta na ta ƙara a bayansa. Mai wurin wata Kirista ce 'yar Numan, mai fara'a da yawan surutu, muna ce mata Anti. Ta ja wa Dada kujera, ta yi mata bayani da irin Hausarta ta Jimeta.

"Mama, abu biyu ne. Akwai yuzanem, shi ne sunan da kwamfuta zai san ki da shi, kowa yana gani. Akwai fasuwod, wannan sirrinki ne. Kwamfuta bai san fuska ba, bai san ke 'yar gidan wane ne ba. Suna kawai ya sani, kuma ba ya yarda mutum biyu su riƙe suna ɗaya."

Ta buga sunan Dada. Jan rubutu ya fito.

"Wani ya riga ya ɗauka."

"Ya ɗauki me?" in ji Dada. "Sunan da aka yanka mini rago?"

Anti ta yi dariya har da buga tebur. Ta haɗa da sunan kakanmu, an ɗauka. Ta ƙara Yola a ƙarshe, shi ma an ɗauka. Dada ta riƙe haɓa tana tambaya ko wace mata ce wannan a Yola da ba ta sani ba. Da aka ce ta sa shekarar haihuwarta, ta ce ba ta zo Jimeta tallar shekarunta ba.

"To Mama, mu yi irin na wajenmu," in ji Anti. "Maman wane. Yaya sunan ɗan farinki?"

Anti ba ta yi don mugunta ba. A wajensu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, abin alfahari ne. Ba ta san ta tambayi Bafulatanar Yola abin da ba a tambaya ba, kuma ga ɗan farin a tsaye. Dada ta kafe bango da ido. Don in fitar da ita kunya, na yi wuf na ba da sunan autanmu, raina a ɓace. Anti ta buga, kwamfuta ta karɓa.

"Yawwa! Wannan babu mai shi."

"Goge," in ji Dada.

"Mama, ya shiga fa."

"Goge, 'yata. Ba shi zai tafi ba."

Ta jawo kibod gabanta, ta gyara tabarau. Ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, sai da ta yi ta laluben haruffa da yatsa ɗaya. Ta rubuta dada, sannan a hankali ta rubuta sunana, cikakke, ta ƙara Wuro Hausa a baya. Kwamfuta ba ta yi gardama ba. Ni kuwa na juya ina karanta takardar farashin da ke manne a bango kamar ban taɓa ganinta ba. A tasi muna komowa, zancen tsadar tumatir kawai ta yi.

Duk shekarun da na yi a can, duk Asabar saƙonta yana zuwa. Saƙon ba shi da wani armashi: ana gaishe ka, ka riƙe sallah, ka ci abinci, Goggo ba ta jin daɗin ƙafa. Ko sau ɗaya ba ta sa sunana a ciki ba. Amma a sama, wurin da ake nuna wanda ya aiko, ga shi nan manne da nata. A ƙasar da babu wanda ya san gidanmu, nakan buɗe akwatin saƙo in zuba wa layin nan ido kafin in karanta komai, kuma yana sanyaya mini rai.

Bayan na dawo na fara aiki, wayoyin hannu sun kashe kasuwar kafe. Anti ta mayar da shagon na sayar da waya. Can na kai Dada in saya mata wadda ake shafawa, don ta riƙa ganin hotunan jikoki. Anti ta rungume ta, ta ce da ni, "Ka san maman nan? Rana ko ruwa, Asabar ba ta wuce ta." Ta kunna wayar, ta ce sai an sa tsohon imel kafin komai ya yi aiki.

"Mama, yuzanem. Na manta, abin ya daɗe."

Dada ta miƙa hannu za ta rubuta, amma haruffan wayar sun yi wa idonta ƙanana. Ta gwada, ta kasa. Na buɗe baki zan faɗa, ta ɗaga mini hannu.

"Kai, fita waje."

Na fita, da furfurata a gemu, na tsaya a bakin ƙofa kamar yaron da aka kora daga aji. Labule ne kawai tsakaninmu, kuma ta san da haka. Na ji ta gyara murya, ta faɗe shi da ƙarfi irin na malamar da ke kiran suna a aji. Anti ta ce hayaniyar titi ta hana ta ji, a maimaita. Dada ta maimaita.

Da na koma ciki ba ta dube ni ba. Ta ce da Anti, "Useko, 'yata," godiyarta ke nan da Fulatanci, sannan ta miƙo mini jakarta ta ce, "Kai, riƙe."