Sarmi Mai Ɗura Magani

Ranar farko da Yu Sarmi, wato Yaya Sarmi, ta ɗura wa mijinta magani ta robar hanci, ina wurin, na je dubiya asibiti. Ɓarin jikin mijin nata, Pak Darmo, ne ya shanye, ba ya iya haɗiya. Ba ta jira nas ba. Ta ciro dutsen da take niƙa barkonon sambal, yajin da take sayarwa, ta murƙushe ƙwayoyi biyar lokaci guda, ta cakuɗa da kunun shinkafa mai kauri, ta zuƙa a sirinji ta danna. Roba ta toshe. Ta ƙara dannawa, sirinji ya kuɓuce, duk abin ya fantsamo mata a fuska. Ga barkono a ido, ga mutum goma suna kallo. Ni kuwa kafin la'asar na kai labarin kowane gida a unguwarmu a garin Klaten.

Wa ya san abin zai zame mata ɗaukaka? Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Sarmi shekara ashirin, kuma sambal ɗina ya fi nata, kowa ya sani. Amma bayan kunyar nan sai ta manne wa wata nas, Mbak Retno, ta koyi komai: kowace ƙwaya a niƙa ta daban, a narkar da ruwa, a wanke roba kafin magani da bayansa. Wai har akwai ƙwayar da ba a niƙawa sam, sai likita ya canja ta. Shekara huɗu ke nan tana jinyar mijinta a gida. Yanzu duk wanda aka sa wa wani nasa roba, ƙofarta yake bugawa. Su wuce tawa da ayaba da ƙwai, ko gaisuwa babu.

Sai ga tsohuwata a gadon asibiti da roba a hanci. Kullum kuka take a mayar da ita ɗakinta. Mbak Retno ta ce ba sallama sai ta ga hannuna ya iya. Sau biyu ina gwadawa tana girgiza kai.

"Bu Tumirah, ki kira maƙwabciyarki mana," in ji ta.

Kwana uku ina haɗiye maganar. Ran na huɗu na aika.

Sarmi ta zo da sabon mayafi, nas-nas suna gaishe ta kamar wata babba. Ta tsaya a kaina ta harɗe hannu. Na niƙa, na narkar, na ɗauki sirinji, tsohuwa tana kwance shame-shame.

"Tsaya, Tumirah! A kwance za ki ɗura mata? In ya koma huhu fa?"

"To, likita ba takarda," na ce. "Aji nawa ma kika yi, Yu?"

Ta cusa filo biyu a bayan tsohuwa, ko kallona ba ta yi ba.

"Uku, kamar ke. Da baki ake ɗura magani, da tun jiya uwarki tana gida. Riƙe robar nan, ki rufe bakin."